Dami Nawa ke Rumbu? Tarihin Ƙiyasta Arzikin Gida a Kudancin Kano

A daminar 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya yada zango a Bebeji, a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Ya dubi ganuwa, ya dubi kasuwa da cinkoson gidaje, ya rubuta cewa mutanen garin za su kai 20,000 zuwa 25,000, kuma harkar fatauci ce ta fi yawa a cikinsu. Bai ƙirga kowa ba, da ido ya auna. Bayan shekara 25 sai ga Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851. Shi bai tsaya ga yawan kawuna ba, aljihun magidanci ya leƙa. A lissafinsa, wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda ci da sha da sutura na shekara cikin wadata. A lokacin wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda, kuma daidai wannan adadin ne ya ce kowane magidanci ke biya kuɗin ƙasa. Mai rini kuwa wuri 700 yake bayarwa a kan kowace rijiyar karofi.

Daga wancan zamani zuwa yau, baƙi iri-iri sun yi sallama a zaurukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da tambaya guda a bakinsu: me gidan nan ya mallaka, me ya ajiye, me zai iya kashewa? Jakadan sarki ya zo, Baturen haraji ya zo, malamin jami'a ya zo, mai biyan diyya ya zo, yanzu kuma ga mai rajistar talakawa da wayarsa a hannu. Amsar da kowannensu ya samu ta danganta da abin da maigida ya fahimci za a yi da ita.

Littafin Tarihin Kano ya nuna abin ya daɗe. Ya ambaci Sarki Naguji, wanda ya yi mulki daga 1194 zuwa 1247, a matsayin wanda ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona, ya kuma ce Kutumbi, a ƙarni na 17, shi ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki irin waɗannan karɓe-karɓe, amma bayan jihadi ba su ɓace ba. Sun zauna kafaɗa da kafaɗa da zakka. Akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin shuka a kan irin su rogo da gyaɗa, akwai kuɗin rafi a kan abin da aka noma a fadama kamar rake da albasa, ga na karofi. Mai riƙe da gari yana zaune a birni, jakadansa ne ke zuwa ƙauye ya tattara.

Ma'aunin wancan zamani dami ne. Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa aka ɗaure, dammunan na jibge a gona kowa na gani, kuma al'ada ita ce a fitar da ɗaya cikin goma. Shari'a ta riga ta yanka iyaka: ushiri a kan abin da ruwan sama ya shayar, rabinsa a kan wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, ɗan maraƙi a shanu 30, akuya ko tunkiya guda a 40. Amfanin wannan tsari shi ne yana bin shekara. In damina ta yi kyau a ba da da yawa, in ta ƙi a ba da kaɗan. Ba a kuma bukatar takarda, domin mai unguwa ya san gonar kowa, ya san wanda jakinsa ya yi sawu biyar zuwa gida da wanda ya yi ashirin.

Sai dai kudancin Kano na da nasa hali. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 yankin na bakin iyaka ne da Ningi, kuma mayaƙan Ningawa, tun daga Ɗan Maje har zuwa Ɗan Yaya, sun sha kai hari suna kwashe mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ci shekaru yana fama da su. Tudun Wadar Ɗankadai na cikin garuruwan da suka tsaya a matsayin garkuwa. Wanda ke zaune a irin wannan wuri ba ya tara dukiyar da ba za a iya kora ba, ko a ɗauka a ka, ko a binne. Wuri kuwa kaya ne mai nauyi, keso guda na 20,000 sai ƙato. Don haka mai hali ya fi son mayar da rararsa shanu, ko tufafi masu tsada, ko azurfa. A Riruwai, can cikin duwatsun Doguwa, akwai masu narka kuza suna fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake na saye suna kaiwa kasuwannin nesa. Wannan arziki ne da ba ya cikin dami, kuma ba a ganinsa a gona.

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya. Bebeji ce ta fara rufe mata ƙofa, aka fasa ƙofar da igwa, sarkin garin ya rasu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannun Turawa. Cikin 'yan shekaru, a zamanin Sarki Abbas, aka kawar da jakadu, aka tura hakimai su koma gundumominsu da zama, aka kafa Baitulmali, aka dunƙule yawancin tsofaffin kuɗaɗen nan suka zama haraji guda. Daga nan tambayar me talaka ya mallaka ta koma aikin ofis.

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce taki, wadda aka fara a gundumomin kewayen birni wajen 1909: malamai su zaga gona suna ƙirga sawunsu, tsawo da faɗi, a sa haraji gwargwadon girman fili. Ta biyu kuwa, wadda ta fi dacewa da gundumomi masu nisa da yalwar daji, ita ce Bature ya fita rangadi ya zauna a gunduma. Ya ƙirga mazaje baligai da mata da yara, ya ƙirga shanu da jakuna da awaki, ya zaɓi wasu gonaki ya auna abin da suka bayar, ya tambayi farashi a kasuwa, ya ƙiyasta abin da masaƙi da maƙeri da mahauci ke samu. Ya haɗa duka ya fitar da abin da magidanci matsakaici ke samu a shekara, sannan a yanka wa gari jimla, da niyyar kada ta wuce ɗaya cikin goma. Dagaci da masu unguwanni su raba wa jama'a.

A takarda abin ya yi tsaf. A ƙasa kuwa kowa ya gane cewa duk abin da aka nuna wa mai alƙalami, haraji zai hau kansa. Saurayin da gemu ya fara tsiro masa sai a ce ai yaro ne, bai isa shiga littafi ba. Makiyayi na jin an fara maganar jangali sai ya raba garke, ya bar kaɗan a ruga, sauran a nausa da su dajin Falgore ko a tsallaka ƙasar Zazzau ko ta Bauchi har ƙura ta lafa. Attajirin da ke tsoron a sa shi cikin masu biyan kuɗin masu arziki sai ya fito taron rabon haraji da tsohuwar riga. Shi ma dagaci yana da nasa lissafin, domin ya san wanda zai iya matsa wa da wanda ba ya taɓuwa.

Babban canjin shi ne haraji ya daina bin shekara, kuma ya koma tsabar kuɗin Bature. Wuri ya mutu a hannun masu shi, sule da sisi da kobo da anini mai huji suka maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke, tashoshi irin su Yako da Dangora a ƙasar Kiru suka zama wuraren awo. Sai ga farin 1913, da yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake kira Kakalaba. Manomin da ya sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya haraji, shi ne ya koma yana neman mudu da tsada kafin sabon gero ya nuna. Lissafin Bature ya san abin da gida ke samu a shekara matsakaiciya, bai san kwana nawa rumbu zai ɗauki gidan ba idan shekara ta karkace.

Wannan giɓi ne wata Baturiya, Polly Hill, ta gano a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Ta ga cewa tambayar mutum nawa yake samu ɓata lokaci ne. Sai ta zauna da mutanen garin da suka san kowa, ta nemi su kasa magidanta 171 kashi huɗu bisa tambaya guda: idan girbi ya yi jinkiri ko ya lalace, wane ne zai tsaya da ƙafarsa har ya taimaki wani, wane ne zai tsira da kyar, wane ne zai wahala, wane ne dama a cikin wahalar yake? Da ta gwada rabon da girman gonaki da yawan rumbuna da taki da dabbobi, sai ta tarar ya yi daidai ƙwarai. Littafinta na 1972 ya rushe zaton da ake yi cewa talakawan ƙauye duk ɗaya suke. Ta sake irin wannan aiki a Dorayi, gefen birnin Kano, a farkon shekarun 1970.

Irin waɗannan alamomin ne mutanen gari ke dubawa har yau a garuruwan kudancin Kano irin su Kofa ko Yaryasa ko Burji. Yaushe gida ya buɗe rumbu? Mai hali yakan rufe nasa bayan girbi, ya ci da sana'ar rani ko cin rani, ba zai fasa ba sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Wanda ya buɗe tun sanyi bai wuce ba, an san zai sha wuya. Wa ke noma gonarsa a tsakiyar damina, wa ke barinta ciyawa na ci ya tafi ƙwadago a gonar wani don a samu na cefanen yini? Wa ya ci bashin dami da alkawarin biya da kaka? Wa ya jinginar da gona? Wa ke kai takin gida da jaki ko amalanke tun rani? Gandun wa ya watse, 'ya'ya suka kama gabansu don uba ya kasa yi musu aure? Babu ɗaya cikin waɗannan da sai an tambayi maigida, duk a fili suke ga maƙwabci.

Kusa da yankin namu, a ƙauyukan Rogo da Zoza da Barbeji da ke yamma da Kiru, wani Ba'amurke daga jami'ar Cornell, Peter Matlon, ya bi gidaje 140 tsawon shekara guda a 1974 zuwa 1975. Ma'aikatansa na komawa gida ɗaya a kai a kai suna rubuta abin da aka shuka, aka girbe, aka saya, aka sayar. Ya samu cewa tazarar samu tsakanin gidaje ba ta kai ta birane ba, kuma gidajen da suka fi talauci sukan sayar da hatsi da kaka su dawo su saya da tsada. Amma shi da kansa ya faɗi inda aikin ya tsaya: abin da mata ke samu a sana'o'insu na cikin gida bai shiga lissafi ba. Masu tambayar maza ne, kuma zaure ne iyakarsu.

A bayan zauren nan kuwa akwai wata taskar. Dukiyar mace a ƙasar Hausa tata ce, ba ta miji ba, kuma sau da yawa shi ma bai san iyakarta ba. Ɗakin matar ƙauye a wancan lokacin ya ishi mai ido karatu: jeren tasoshi da langa da kwalla da tangaran sun hau bango tun daga ƙasa har kusa da rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, an goge su suna ƙyalli, yawancinsu ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Ba don ci aka saye su ba. Ana tara su ne ɗaya bayan ɗaya don auren 'ya, in kuma ciwo ya zo ko aure ya mutu a zare biyu a aika kasuwa. A ƙarƙashin gado akwai asusu, a bayan ɗaki akwai awaki da tumaki, waɗanda a yawancin gidaje na mata ne. Kuɗin na fitowa daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura da ƙosai, yara na kai talla, ciniki na gudana tsakanin gida da gida ba tare da an taka kasuwa ba. Emmy Simmons, wadda ta bi wannan harka a ƙauyukan Zariya a farkon shekarun 1970, ta samu cewa kusan duk matar aure na da wata sana'a da ke kawo mata kuɗi.

Wani kason ajiyar ma ba ya cikin gidan sam, yana hannun mutane. Zubin adashi na wurin uwar adashi har ranar kwasa. Gudummawar da mace ta kai bikin ƙawarta bashi ce da za ta dawo mata, da ƙari, ranar nata bikin. Akwai tunkiyar da aka ba wata kiwo a wani ƙauye, da saniyar da ke cikin garken Bafulatani. Mai tambaya zai iya zama a kan tabarma a zaure, ya ce, "Baba, nawa kuke ajiyewa a shekara?" Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ina muka ga ta ajiya? Mu dai alhamdu lillahi, asiri a rufe." Bai yi ƙarya ba. Tsabar kuɗi babu a aljihunsa, kuma wataƙila a daidai lokacin matarsa na binsa bashin kuɗin taki.

Sau ɗaya a tarihin yankin lissafin ya juya. Tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, ruwa ya shanye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane. Wannan karon mai alƙalami ya zo ne ya biya, ba ya karɓa ba. Ɗakuna, rumbuna, rijiyoyi, itatuwan amfani irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro, duk abin da mutum ya nuna shi ne zai shiga takardar diyya. Jikokin waɗanda suka ɓoye wa Baturen haraji sai ga su suna jan hannun ma'aikaci kada ya tsallake ko bishiya guda. Duk da haka abin da ya fi tsada bai da gurbi a takardar: fadamar da ke ba da rake da rani, makiyayar dabbobi, da maƙwabtan da mutum ke cin bashi a wurinsu, waɗanda tashin ya warwatsa. Kuɗin da aka karɓa kuma ya zo a lokacin da naira ta maye gurbin fam, a Janairun 1973, ga fari, ga tsadar da arzikin man fetur ya jawo.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma da dalili. Amma littafin dagaci, wanda duk da aibinsa shi ne kaɗai rubutun da ke bin magidanta ɗaya bayan ɗaya kowace shekara, shi ma ya tafi. Tun daga nan, canjin kuɗi ne ya fi tona abin da ke ɓoye. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a canza, mutanen karkara suka yi ta tururuwa zuwa inda banki yake da kuɗin da aka tono daga tukwane da ƙarƙashin katifa. An maimaita a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. A ƙananan hukumomin da reshen banki ya yi ƙaranci, masu POS suka zama su ne banki, kuma manomi mai buhunan masara a ɗaki da shanun huɗa a turke ya rasa takardar naira da zai sayi magani. Dukiya na nan, abin kashewa ne babu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta daɗe da daina dogara da tambayar samu. Abin da gida ya ci ya kashe take bi: kwano nawa na hatsi aka dafa a kwana bakwai da suka wuce, na saye ne ko na rumbu, nawa aka ba da na makaranta da na asibiti. A bincikenta na 2018 zuwa 2019 ta sa iyakar talauci a naira 137,430 ga mutum guda a shekara, ta samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya a ƙasa da ita, a Jihar Kano kuwa kimanin kashi 55. Wannan na faɗin halin jiha, amma ba ya nuna ko wane gida ne a Kwanar Dangora ko Riruwai.

Don haka da gwamnatin tarayya ta tashi haɗa rajistar talakawa daga 2016, domin biyan tallafin naira 5,000 a wata, sai ta koma ga hanyar da Polly Hill ta bi kusan shekara 50 kafin nan. A tara mutanen gari, a raba su maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci, ya lissafa gidajen da ya ga sun cancanta, a haɗa jerin uku a daidaita. Bayan haka ma'aikaci ya bi gida gida yana duba rufi na kwano ne ko na ciyawa, ina ake ɗebo ruwa, akwai babur ko rediyo. Wannan karon an ba mata bakin magana, abin da malaman taki da Baturen rangadi ba su taɓa yi ba. Bambancin shi ne, dattawan Batagarawa ba su da abin samu ko na rasawa a rabon da suka yi, alhali yanzu shiga jerin kuɗi ne, kuma mai unguwa da kansila da ɗan siyasa duk suna da nasu mutanen. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta amince da ingancin rajistar ba, ta nemi kowace jiha ta haɗa tata.